Shirun ma'aikaci a kan ɓarna ba ladabi ba ne

'Yan'uwa jama'ar masallaci a nan Abala, da masu karanta mu daga Filinge da Yamai da wuraren ci-rani.

Akwai wajibin da muke sakaci da shi domin ba ya cikin babin alwala ko na azumi, shi ne nasihar ma'aikaci ga wanda ya ɗauke shi aiki. A ƙasar Kurfai an raine mu a kan kunya, yaro ba ya ɗaga ido gaban babba. Tarbiyya ce mai kyau, amma wasunmu sun mai da ita mafaka. Direba ya san birkin mota ya lalace, ya yi gum, ya ɗebi mutane zuwa Filinge don kada maigida ya ce ya cika ƙorafi. Mai gadin rumbun tsimi ya ga ƙwari sun shiga hatsi tun da kaka, bai faɗa ba sai da damina ta kama, mutane na neman abin sawa a baki. Irin wannan shirun cin amana ne, ko da mai shi bai saci ƙwaya ɗaya ba.

Hadisin Tamimud Dari da ke cikin Sahihu Muslim ya tattara addini a kan nasiha, kuma ya lissafa shugabanni cikin waɗanda ake yi wa ita. Ku dubi ranar Badar, shekara ta 2 bayan Hijira. Malaman sira sun ruwaito cewa da Annabi (SAW) ya sauke runduna, sai Hubabu ɗan Munzir ya fara tambaya ko wahayi ne ya zaɓi wurin, ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da ya ji dabara ce, ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, a riƙe ruwan. Mu da muka san darajar rijiya a rani ba sai an fassara mana ba. Bai yi gatsali ba, bai kuma haɗiye abin da ya sani ba, kuma Mafificin halitta ya tashi da runduna a kan maganarsa. A shekara ta 5 ma, shawarar Salmanul Farisi ce ta sa aka haƙa ramin Madina.

Sai dai ku iyayen gida, attajirai da shugabannin ma'aikatu da na kwamitoci, a ganina kaso mafi girma na laifin yana wuyanku. Wanda ya kori yaronsa don ya gaya masa awon bai cika ba, ya koya wa sauran yaran yin shiru har abada, sai ya wayi gari ba kowa gefensa sai masu “ranka ya daɗe”. Sayyidina Abubakar, da aka yi masa mubaya'a a shekara ta 11, da bakinsa ya nemi jama'a su miƙar da shi idan ya karkace. Ku riƙa tambaya, ku fara da ƙaramin ma'aikaci kafin babba ya yi magana. In an kawo muku labarin ɓarna, ku binciki ɓarnar kafin ku binciki mai faɗa.

Kai kuma ma'aikaci, nasiha daban, gulma daban. Ka keɓe da maigida, ka faɗi abin da idonka ya gani: buhu kaza sun jiƙe, magani kaza kwanansa ya ƙare. Kada ka fara kai zancen tasha ko majalisar shayi. Na san tsoron rasa abinci gaskiya ne a garin da aiki ya yi ƙaranci, ba na raina shi. Idan kana jin nauyi, nemi abokin aiki ku je tare, ko dattijon da maigida ke jin kunyarsa. Amma in abin ya shafi rayuka, kamar birki ko magani ko ruwan sha, kuma maigida ya ƙi ji, to wajibi ne ka kai maganar ga na sama da shi ko ga hukuma, tun kafin motar ta tashi.

Wassalamu alaikum.