Kafin Ka Sayi Fiyano, Dakata!

Duk matashin da ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi fiyano, tambayarsa ɗaya ce: wanne ya fi yawan kiɗa a ciki? A ganina tambayar nan ce ta sa waƙoƙinmu suka zama kamar uwa ɗaya ta haife su.

Irin su Yamaha PSR da Korg Pa, kana dannawa da hannun hagu sai ganga da jita su biyo ka. Suna rufa wa mai kiɗan biki asiri. To amma fa kiɗan nan wani ne ya tsara shi, kuma duk wanda ya saya shi zai samu.

Shawarata, maɓalli 61 sun ishi mai koyo, ba sai 88 ba. Sai dai ka tabbatar yana bambanta dannawa a hankali da ta ƙarfi, yana da ɗan gargaren lanƙwasa sauti, tunda da lanƙwasa kalangu yake magana. In da hali, nemi mai karɓar sautin da ka naɗo, ka zuba masa kukuma da gurmi. Kayan aro ba ya rufe katara.