Iya Ruwa Fidda Kai: Me Ya Hana Mu Koyon Nutson Zamani?

Na san da ganin wannan take wani zai yi murmushi ya ce, me ya haɗa mutumin Zangon Kataf da zancen nutso da jiragen da suka nutse? Mu da ba mu da teku, babban jirgin da muka sani shi ne na ƙasa da ya mai da Kafanchan mahaɗa tun 1927. To, mai karatu, ka yi mini haƙuri ka biyo ni sannu. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da Arewa za ta ɗauki nutso a matsayin ilimi da sana'a, ta horar da 'ya'yanta a kai, domin akwai abubuwa biyu da ruwa yake riƙe mana waɗanda har yau ba mu iya karɓowa yadda ya kamata: tarihinmu da kuma gawarwakin 'yan uwanmu.

Mene ne nutson zamani?

Nutson da nake nufi shi ne wanda Turawa ke kira sukuba. Mutum zai goya tukunyar ƙarfe da aka ɗura wa iska, ya sa tabarau mai rufe ido da hanci, ya kama bututu a baki yana shaƙa, ya sauka ƙarƙashin ruwa ya yi aikinsa a natse. Iskar da ke cikin tukunyar irin wadda muke shaƙa ce kullum, an dai matse ta ne kawai. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su ne suka ƙera na'urar da ta sauƙaƙa wannan aiki a 1943.

Asirin ilimin duka yana ga nauyin ruwa. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jikin mutum ya ninka na doron ƙasa sau biyu. A mita 20 sau uku, a mita 30 sau huɗu. Saboda haka iskar da za ta ishi mutum awa guda a sama, a mita 30 kwata kawai za ta yi masa. Shi ya sa ake fara koyo a wuri marar zurfi, inda haske ke isa kuma iska ke daɗewa, kuma ba a yarda sabon hannu ya wuce mita 18 ba. Amma kada rashin zurfi ya ruɗi kowa. Wanda ya cika huhunsa a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ninki biyu ta yaga masa huhu. Don haka dokar farko ita ce kada a riƙe numfashi, ta biyu a taso a hankali, a ɗan dakata kamar minti 3 a mita 5 kafin a fito. Ta uku kuwa, wadda zan dawo kanta, ba a nutso mutum ɗaya.

Abin da ruwa ya ɓoye

A ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci, jirgin da ya nutse kusa makaranta ce guda. A Ingila, jirgin yaƙin nan Mary Rose ya nutse a 1545 a ruwan da zurfinsa bai kai mita 15 ba. Masu nutso, da yawansu 'yan sa-kai, suka yi shekaru suna tono a natse, suka fito da kayayyaki wajen 19,000, sannan aka ɗago gangar jirgin a 1982. Daga takalma da matatai da kwanukan abinci aka gane yadda talakan Ingila ya rayu fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce. A Bahar Maliya kuma, wadda alhazanmu ke tsallakewa ta sama, akwai Thistlegorm, jirgin kayan Ingila da jiragen saman Jamus suka nutsar a 1941 ɗauke da babura da motoci har da kawunan jirgin ƙasa. Daga baya ya zama wurin da masu nutso ke zuwa kallo daga ko'ina a duniya, mutanen Masar suna cin abinci da shi.

Mu fa? A watan Oktoba na 1857 jirgin tururi mai suna Dayspring ya daki dutse ya fashe a kogin Kwara kusa da Jebba. A cikinsa akwai Dakta William Baikie da Samuel Ajayi Crowther. Wannan Baikie ba baƙo ba ne ga ɗalibin Hausa, domin ya zauna a Lokoja, ya je Kano a 1862, ya kuma fassara wasu sassa na Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. An tsamo wasu ƙarafunan jirgin aka ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba. Kafin wannan, a 1806, Mungo Park ya halaka tare da jirginsa a gaɓar Busa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tsohon garin Busa kansa ya koma ƙarƙashin tafki, aka tayar da mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu. Ginin ƙasa ya narke, amma dutsen niƙa da tukwane da ƙarfe ba sa narkewa da sauri haka.

In kuma ana shakkar cewa tarihinmu na da alaƙa da ruwa, a tuna da kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya ya ci karo da shi. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Danshin ƙasa ne ya adana shi, domin itacen da ke kwance cikin laka inda iska ba ta isa ba ya ruɓewa da wuri. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankafot a Jamus suka haɗu suka ciro shi a 1994. Wannan sa'a ce ta kawo shi. Nawa ne irinsa suke kwance a gindin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, suna jiran wanda ya iya sauka?

Darasin Nok

A nan ne nake ganin mu mutanen Kudancin Kaduna muna da abin faɗa wa sauran jama'a, domin mun ga yadda ake asarar abin da ke kusa da hannu. A 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a ƙauyen Nok. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kai da aka samu a yankin Jama'a, wanda har an yi amfani da shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Daga nan duniya ta san cewa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce akwai ƙwararrun magina da maƙera a wannan ƙasa tamu. Amma me ya biyo baya? A shekarun 1990 aka shiga tonon ganima, ana farfasa wurare ana sayar wa dillalai, kayan suka ƙare a Turai da Amurka. Lokacin da masana suka fara bincike mai zurfi a 2005, wurare da yawa sun riga sun zama ramuka.

Abin da ya sami Nok zai iya samun kowane jirgi da ke kwance a ruwa marar zurfi, domin wurin da ɗalibi zai iya isa, ɓarawo da ɗan gwangwan ma za su isa. Ko Thistlegorm bai tsira daga masu ɓalle kaya don tsaraba ba. Kuma darajar kayan tarihi tana ga wurin da aka same su da abin da ke kusa da su. Da zarar an ɗauke tukunya ba a auna ba, ba a zana ba, to ta zama tukunya kawai. Akwai yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kare kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2005, kuma ginshiƙinta shi ne a fara da barin abu a inda yake, a hana cinikinsa. To amma wa zai tsare abin da bai iya zuwa ya gani ba?

Rai da gawa

Wani zai ce tarihi ai ba ya ƙosar da mai yunwa. Na ji. To mu zo kan rai. A watan Mayu na 2021 jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya kife a Kwara kusa da Warra a Jihar Kebbi. A watan Nuwamba na shekarar, wani ya kife a madatsar Watari a Bagwai ta Jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. A watan Yuni na 2023, a yankin Pategi, fiye da mutum 100 suka halaka suna dawowa daga biki. A irin waɗannan lokuta, masunta da masu fito na ƙauye su ne kan gaba wajen shiga ruwa, ba su da komai sai numfashin ƙirjinsu. Mutumin da bai wuce minti ɗaya ko biyu a ƙasa ba, yaya zai laluba ƙarƙashin jirgin da ya kife cikin jan ruwan damina?

Gaskiya ɗaya ce, mai nutso ba ya hana haɗari. Rigar ruwa da hana lodi fiye da kima da daina tafiyar dare su ne rigakafi, kuma wanda ya nutse mintoci kaɗan gare shi. Amma akwai ranar da ake dacewa. A 2013 wani mai dafa abinci, Harrison Okene, ya yi kusan kwana uku a cikin jirgin da ya kife a zurfin mita 30 a tekun Nijeriya, yana shaƙar 'yar iskar da ta maƙale a wani ɗaki, har ƙwararrun masu nutso da aka turo kwasar gawa suka tarar da shi da rai. Ko da ba a dace ba, samun gawa ba ƙaramin abu ba ne. Musulmi na son ya yi wa ɗan uwansa sutura, Kirista na son ya kai nasa makwanci. Matar da ba a ga gawar mijinta ba tana cikin ruɗani kan takaba, rabon gado ya tsaya, uwa kuma kullum kunnenta na bakin ƙofa.

Mu ma a nan ruwa bai ƙyale mu ba. Kowa ya san Matsirga, tsakanin Kafanchan da Madakiya, inda ruwa ke zubowa daga tsayin da ya haura mita 20, samari na tururuwa lokacin Kirsimeti da Sallah. Gindin irin wannan ruwa mayaudari ne: kumfa ta cika shi da iska har ba ya ɗaukar mutum kamar ruwan kwance, ga kuma juyawar da yake yi yana mai da mutum ƙasa. Jama'a kan ce 'yan ruwa ne suka ja shi. Ni dai na ce, a bar wa kowa imaninsa, amma a koya wa yara abin da kumfa ke yi. Ga kuma kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato maƙwabciyarmu.

Mafita

Ba daga sifili za mu fara ba. Sarkawa da Kabawa sun gaji ruwa kaka da kakanni. A bikin Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, akwai kabanci, inda ake gasar iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa. Ɗan Sarkin Ruwa da ya san halin kogi ya fi kowa cancantar a goya masa tukunyar iska. Abin da ya rage masa shi ne lissafin matsi da lokaci, har da sanin cewa a tudu irin namu, inda Kafanchan ta haura mita 700 daga bakin teku, lissafin tasowa ya bambanta da na Legas.

Shawarata ita ce, kowace jiha ta ware mutum goma zuwa ashirin daga 'yan kwana-kwana da masunta, a horar da su tare da taimakon sojan ruwa da hukumar NIWA da ke Lokoja. Sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su ɗauki wuri guda marar zurfi, a auna shi, a zana shi, ya zama ajin koyarwa. Za a ce kuɗi. Kayan ba su da arha, gaskiya ne, amma duka-duka na rukuni guda ba za su fi ƙarfin jihar da ke sayen jerin motocin alfarma ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga mu 'yan yankin Zangon Kataf akwai ƙarin riba. Na ce ba a nutso mutum ɗaya. Kafin a sauka, abokinka ne zai duba maka tukunya, in iskarka ta ƙare a ƙasa bututunsa zai miƙo maka. Mu da muka ɗanɗana ɗacin rikicin 1992, mun san tsadar rashin yarda. Rukunin ceto da ya haɗa Atyap da Bajju da Hausawa da Fulani, kowa ransa a hannun ɗan uwansa, zai koyar da abin da taron sulhu goma bai koyar ba.

Mu ɗaliban Hausa kuma aikinmu a fili yake. Mu je wurin masunta da masu fito mu tattara kalmominsu na gurbi da igiyar ruwa da iskoki kafin tsofaffin su ƙare. Mu zauna da masana mu rubuta littafin koyon nutso da Hausa, domin wanda zai fi amfana da shi ba lallai ne ya ji Turanci ba. Ga maudu'in kundin digiri nan a kwance, ga kuma lada.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyalansu haƙuri, ya kuma ba shugabanninmu kunnen saurare. Amin.