Marsandin Alhaji da Baƙin Man da Ke Ɗiga a Lungu

Wanda ya shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka da sassafe, ya bi ta Babban Dodo ya nufi Kwarbai ko Ƙaura, zai iya gane gidan da ake ajiye tsohuwar motar alfarma ko da motar ta fita. Baƙin tabo ne a ƙofar gida, an zuba masa yashi, an zuba masa toka, ya sake tsatsowa. Lungunan birni ba don mota aka yanka su ba, saboda haka yawancin motocin a waje suke kwana, gindin bishiya ko jikin katangar masallacin unguwa. Abin da ya ɗiga daga cikinsu kuwa a kan hanyar jama'a yake sauka.

Masu irin waɗannan motoci ba baƙi ba ne ga kowa. Akwai tsohon ma'aikaci da ya sayi Marsandi da kuɗin sallama, akwai mai sarauta da ba ya son a gan shi a fada cikin ƙaramar mota, akwai matashin da ya gaji ta mahaifinsa ya kasa rabuwa da ita. Babu laifi a cikin ko ɗaya. Riƙon tsohon abu da kyau ma abin yabo ne, musamman a zamanin da sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Laifin yana wurin wanda yake son girman motar amma ba ya son ɗawainiyarta, ya bar wasu suna biya masa.

Marsandin da 'yan Najeriya ke kira V-Boot an fara ƙera ta a 1984, ƙirarta mai ƙofa huɗu kuma ta tsaya a 1995. Ke nan autar cikinsu ta kai shekara 30 a duniya. Ƙarfen injinta yana iya ninka haka. Wani direban tasi a birnin Tasalonika na ƙasar Girka, Gregorios Sachinidis, ya yi kilomita miliyan 4.6 da Marsandinsa ƙirar 240D kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. A Maroko ma tsofaffin Marsandi sun shafe shekaru da dama suna jigilar fasinja tsakanin garuruwa. Amma ba ƙarfe kaɗai ke riƙe mai a cikin inji ba. Roba ce: gaskit ɗin murfin sama, sil ɗin gaba da na baya, zoben da ke gindin filta, da 'yar woshar notin juye. Roba kuwa tana da wa'adi. Zafin inji yana gasa ta, zafin bazara da kan kusanci digiri 40 a Maris da Afrilu yana ƙara mata, har ta bushe ta tsage. Motar da ba ta fita sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure ba ta tsira ba, domin robar da ta daɗe mai bai ratsa ta ba ita ma bushewa take yi.

Wannan shi ne tsufa, kuma maganinsa sananne ne. Abin tambaya shi ne me ya sa ake gyarawa yau, wata mai zuwa ɗigon ya dawo.

Amsar takan fara ne daga hirar da ake yi a gareji, a Tudun Wada ko Sabon Gari, bayan an ɗaga bonet. Bakanike ya leƙa ƙasa, ya shafo mai da yatsa, ya ce, "Alhaji, sil ɗin baya ne, sai an sauke giyabos." Alhaji ya ji kuɗin aiki, ya gyara hula, ya ce, "Haba Oga, ba za a lallaɓa ba? A yi maneji zuwa ƙarshen wata." Sai a ɗauko gam a shafe, a ƙara ɗaure noti, a zuba mai mai kauri. Kowa ya rabu da kowa yana murmushi, alhali su biyun sun san ba gyara aka yi ba.

Sau da yawa ma ba sil ɗin bayan ba ne. Mai daga sama yake gangarowa, iskar tafiya ta tura shi baya, ya taru inda inji ya haɗu da giyabos. Mai gaskiya a sana'ar wanke injin yake fara yi tas, ya bari ya bushe, ya tayar da shi, sannan ya bi da tocila daga sama zuwa ƙasa har ya ga inda danshin farko ya fito. Mai mota ma yana iya taimaka masa da kwali guda: ya shimfiɗa a ƙarƙashinta da dare, da safe ya duba. Baƙi ko ruwan ƙasa na inji ne, ja galibi na giya ne, kore kuma ruwan lagireto. Injinan V-Boot masu silinda shida an san su da tsatsa ta saman murfin gaba, inda sarƙar taimin take, da kuma ta gefen gaskit ɗin kan inji. Wasu Marsandin da suka biyo baya suna da wata cuta mafi wayo: man yakan shiga cikin wayoyi daga wajen kamshaf, ya bi su sannu a hankali har ya isa ƙwaƙwalwar motar. Masu BMW kuwa sun saba da yoyon gidan filta.

Akwai kuma dalilin da aka fi mantawa da shi. Kowane inji yana da hanyar numfashi, wadda hayaƙin da ya kuɓuce ta gefen ringi ke fita ta cikinta. Gajeriyar zirga-zirga a cikin gari, jinkirin juye da gurɓataccen mai suna sa datti ya toshe ta. Idan ta toshe, iska takan taru a ciki ta tura mai ta duk inda ta sami rauni. Mutanen birni sun fi kowa sanin wannan darasi, domin gidan ƙasa ya koya musu: idan indararo ya toshe, ruwan sama ba ya fasa neman hanya, sai ya bi ta azara, kuma duk yaɓen da aka yi daga cikin ɗaki aikin banza ne. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa Masallacin Juma'a a shekarun 1830 bai kamata a koya masa cewa gini da yaɓen shekara-shekara yake rayuwa ba. Wanda ya sa sabon sil bai buɗe hanyar numfashi ba, zai dawo sayen wani.

Lallaɓawar ma ɓarna take ƙarawa. Notin murfin sama ɗauri kaɗan yake so, da awo. Yaron gareji idan ya sa ƙarfinsa duka sai murfin ya lanƙwashe, ko zaren notin ya cinye, yoyon ya zama na dindindin. Gam ɗin da aka lafta ya yi yawa yakan gutsure ta ciki, ya je ya toshe rariyar famfon mai. Ranar da fitilar mai ta kama a hanyar Kaduna, injin ya yi nokin, sai a ce motar ce ta tsufa.

Ba a ce makanikan Zariya ba su iya aiki ba. Tarihi ne ya gina hannunsu a kan wata mota daban. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma gwamnatin soja ta wancan zamani ta mayar da 504 motar hukuma, iyayen gidan da suka yaye makanikan yau a kan Fijo suka ƙware, mota mai haƙuri wadda kayanta ke ko'ina. Injin Jamus na baya-bayan nan yana son sifana mai awo, yana son irin man da aka rubuta masa, ba 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota ba. Bakaniken da bai san wani inji ba, babu abin kunya idan ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba layina ba ne, ga wanda za ka je wurinsa." Abin kunya shi ne ya karɓi kuɗi ya koyi aiki a kan dukiyar mutum ba da saninsa ba, ko ya karɓi kuɗin gaskit na asali ya sa jabu.

Uzurin tsada gaskiya ne, ba a musa shi. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, kuma aka saki naira a watan da ya biyo baya, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wata roba da ke zuwa daga waje, ko ta kasuwar Ladipo ta biyo ko ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ta bi dala. Babban inji kuma yana shan lita 6 zuwa 8 a juye ɗaya. Sai dai lissafin mai lallaɓawa ba ya fita. Wanda ke ƙara lita guda duk mako, a shekara ya zubar da sama da lita 50 a ƙasa, wato juye shida ko fiye. Man da ya zuba kuma yana cin fanbel, yana cin robobin ruwa da kujerun inji. Idan ya sauka a kan salansa mai zafi, gobara ce ake kiwo.

Lita 50 ɗin nan ina ta tafi? Nan ne maganar ta bar aljihun mai mota ta shiga haƙƙin maƙwabta. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya na mota ɗaya yana iya gurɓata galan miliyan guda na ruwa. Zariya gari ne da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwan famfo, gidaje da yawa a cikin ganuwa da rijiya suka dogara, wasu da 'yan garuwa. Ruwan farko na damina yakan wanke ƙofar gida ya zuba a kwata, wani ya nutse kusa da rijiyoyi, wani ya bi rafuka ya nufi Galma. Kafin nan yara sun taka ba takalmi, kaji sun yi tono a wurin, mai babur ya zame. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da sinadaran da likitoci ke dangantawa da kansar fata, amma har yanzu ana shafa wa dabba mai ƙazwa, ana zubawa a masai don sauro. Alhajin da zai tsaya ya kawar da ƙaya daga hanya don neman lada, shi ne kuma motarsa ke zuba wa unguwa guba kowane dare, bai taɓa sa abin cikin lissafinsa ba.

Mataki na ƙarshe shi ne ranar sayarwa. Idan mai mota ya gaji, sai a kai ta wanki, a wanke injin da fetur da omo har ya yi ƙyalli, a zuba mai mai kauri, a kira dillali. Mai saye ya tambaya, a ce masa, "Lafiyarta ƙalau, ko ɗigo ba ta yi." Kwana uku ya ga tabo a ƙofar gidansa. A garin da ake karanta Risala a zaurukan malamai, babu mai cewa bai ji hukuncin ɓoye aibin haja ba, domin babin ciniki ya hana shi ƙarara, kuma malaman Malikiyya sun ba mai saye damar mayar da kayan. Labarin da Muslim ya ruwaito na tsibin hatsin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu a ciki ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, yaran Islamiyya ma sun haddace shi. Injin da aka wanke don a rufe yoyo bai bambanta da wancan hatsi a hukunci ba.

Abin da ake nema daga mai tsohuwar motar alfarma bai wuce zaɓi biyu ba. Ko ya gyara daga tushe: a gano inda man ke fita, a buɗe hanyar numfashi, a canja robobin da suka tsufa tare da juna tun da an riga an buɗe, a yi juye a kan lokaci da man da ya dace, a ajiye tire a ƙarƙashinta kafin kuɗin su haɗu. Ko kuma ya sayar da ita ya faɗi aibinta, ya karɓi abin da ta taya, ya sayi wadda zai iya ciyarwa.

Sauran aikin na hukuma ne da 'yan sana'a. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, tana nan Zariya tun 1986, ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli. Ƙungiyar makanikai ta NATA tana iya neman su shirya wa yaran gareji gajeren horo a kan ɗauri da awo da gano yoyo, ta kuma wajabta wa kowane gareji ajiye duro na tara tsohon mai maimakon tuttular da shi a kwata. Masu unguwanni kuwa, da suke sasanta rikicin kwata da na iyakar gida kullum, suna da hurumin yi wa mai mota magana a kan abin da ke ɗiga kusa da rijiyar maƙwabcinsa kafin damina ta sauka.