4K, HDR, 120Hz: Abin da ya kamata mai sayen talabijin ya sani kafin ya biya kuɗi

A shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano ko kasuwar Alaba a Legas, akan jera talabijin goma ko fiye a jikin bango, kowanne yana nuna furanni, tsuntsaye ko ruwa mai gangarowa daga dutse. A jikin kwalayensu kuma an rubuta 4K, HDR, Smart ko 120Hz da manyan baƙaƙe.

Angon da ke haɗa kayan kallo, da matashin da ke son buɗe gidan gem, da magidancin da ke son kallon fim da iyalinsa, kusan duk da wannan rubutu suke yanke shawara.

Sai dai a yau kuskure a wannan ciniki yana da tsada. Tun da gwamnati ta bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan N460 a farashin hukuma zuwa sama da N1,500 a 2024. Talabijin kuwa, ko an haɗa shi a Najeriya, allonsa da kayan cikinsa daga waje suke zuwa. Don haka mai inci 55 na kamfani sananne ya ninka mafi ƙarancin albashi na N70,000 sau da dama.

Abin da masu saye da yawa ba sa lura da shi shi ne, kyan hoto ya fi dogara da abubuwa huɗu da ba a rubuta su a kwali: abin da za a kalla, nisan wurin zama, hasken ɗakin, da irin wutar da za ta riƙe na'urar.

Me 4K ke nufi?

Hoton talabijin ya ƙunshi ƙananan ɗige-ɗige ne. Wanda aka rubuta wa HD Ready yawanci yana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato kusan miliyan ɗaya. Full HD yana da 1920 da 1080, sama da miliyan biyu kaɗan. Shi kuwa 4K yana da 3840 da 2160, kusan miliyan 8.3, ninki huɗu na Full HD.

Amma idon ɗan'adam yana da iyaka. Mai lafiyar ido da ya zauna nesa da allo mai inci 55 da fiye da mita biyu da ɗan wani abu, da wuya ya bambance 4K da Full HD. Idan allon inci 43 ne, iyakar ba ta wuce kusan mita 1.7 ba.

A falon da kujeru ke jikin bango ɗaya, talabijin kuma na jikin bangon da ke kallonsu, tazarar takan kai mita uku ko huɗu. A irin wannan ɗaki, ƙarin girman allo ya fi ƙarin ɗigo amfani. Wanda ke zama dab da allo, kamar mai buga gem, shi ne ke cin moriyar 4K sosai.

Daga inci 50 zuwa sama, kusan duk sabon talabijin 4K ne, don haka mai saye ba shi da zaɓi a nan. Inda ake tafka asara shi ne ƙara kuɗi masu yawa saboda 4K a ƙaramin allo da za a riƙa kallo daga nesa.

Daga ina hoton zai fito?

Talabijin ba ya iya nuna abin da ba a ba shi ba. Yawancin tashoshin da ake kamawa ta dikoda suna watsa shirye-shiryensu ne a HD ko ƙasa da haka. Haka ma mafi yawan fina-finan Kannywood masu dogon zango da ake sakawa a YouTube. Fina-finan da masu turi ke zuba wa mutane a waya ko filashi kuwa, ciki har da na Indiya masu fassarar Hausa, an matse su ne don su dace da ƙaramin allon waya. Da an haska su a inci 55, sai hoton ya yi dishi-dishi.

Fim ɗin 4K na gaskiya ta intanet ake samunsa, kuma yana cin data. Netflix ya ba da shawarar a samu intanet mai gudun 15Mbps don kallon 4K, kuma awa ɗaya na iya cinye 7GB, yayin da HD ke cin har 3GB. Ke nan fim mai awa biyu zai iya lashe 14GB. Wannan kuma na zuwa ne bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025.

Saboda haka, ga mafi yawan gidaje, abin dubawa shi ne yadda talabijin ke gyara ƙaramin hoto ya cika allo ba tare da ya farfashe ba. A nan ne bambanci ke fitowa tsakanin mai tsada da mai araha, domin aikin ƙwaƙwalwar da ke cikin na'urar ne. Hoton furannin da ake nunawa a shago an shirya shi ne musamman don ya burge. Gwajin gaskiya shi ne mai saye ya je da filashi ɗauke da irin fim ɗin da ya saba kallo, ya ce a saka masa.

HDR da nau'in allo

HDR fasaha ce da ke sa wuri mai haske ya yi haske sosai, wuri mai duhu kuma ya fito da abin da ke cikinsa. Amma tana buƙatar allo mai ƙarfin haske, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira nit. Ƙa'idar Ultra HD Premium ta nemi nit 1,000 ga allon LED, da 540 ga na OLED. Masu araha da yawa ba sa wuce nit 300. Suna iya karɓar fim ɗin HDR, shi ya sa ake rubuta sunan a kwali, amma ba sa iya nuna shi yadda ya dace, wani lokaci ma hoton ya fi duhu.

Nau'in allo ma yana da tasiri. OLED ya fi kowanne fitar da baƙi, domin kowane ɗigo yana kunna kansa ya kashe kansa, kuma ya fi dacewa da kallon fim a ɗaki mai duhu. Matsalarsa ita ce tsada, sannan idan abu ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya, kamar tambarin tasha ko allon ƙidayar ƙwallaye, yana iya barin tabo na dindindin. Wannan babban haɗari ne ga gidan gem ko gidan kallon ƙwallo da ke aiki tun safe har dare.

QLED kuwa, duk da kamar sunan, allon LED ne da aka ƙara wa wani shafi don launi ya fi fitowa. Shi da sauran na LED masu ƙarfin haske sun fi dacewa da falon da rana ke shigowa.

A cikin na LED akwai gida biyu. Allon VA yana da baƙi mai kyau, amma launinsa yana kodewa ga wanda ya zauna a gefe. Allon IPS baƙinsa ba ya kai na VA, amma kowa na ganin hoto daidai daga kowace kusurwa. Gidan da yara ke zama a ƙasa, manya a kujerun gefe, IPS ya fi yi musu. Ana iya ganewa a shago ta hanyar matsawa gefe a duba ko launi ya canza.

Buƙatar mai buga gem daban ce

Abin da ya fi damun mai buga gem shi ne jinkiri tsakanin danna maɓalli a hannun wasa da ganin ɗan wasa ya motsa a allo. Wasannin ƙwallo irin su EA Sports FC, wanda aka sani da FIFA kafin 2023, suna nuna hoto 60 a kowace daƙiƙa. Talabijin da ke jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya bar mai wasa a baya da hoto shida, abin da ya isa a ƙwace masa ƙwallo.

Maganin wannan shi ne saitin da ake kira Game Mode, wanda ke kashe gyare-gyaren hoto don amsa ta zo da sauri. A talabijin mai kyau, jinkirin yakan sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Duk wanda zai saya don gem, ya fara neman wannan saiti da rimot kafin ya tambayi farashi.

Sai batun 120Hz, wato allon da ke sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa. PlayStation 4 na asali ba ya wuce Full HD, kuma ba ya wuce hoto 60. PlayStation 5, wanda ya fito a Nuwamban 2020, shi da Xbox Series X suna iya fitar da 4K a 120Hz, amma sai wasan ya goyi bayan hakan, kuma sai talabijin yana da kafar HDMI 2.1 tare da allo mai 120Hz na gaskiya. Mai PlayStation 4 da ya biya kuɗin wannan fasaha ya sayi abin da na'urarsa ba za ta taɓa amfani da shi ba.

Akwai kuma tarko a lambobin. Sunaye irin su Motion Rate ko TruMotion masu ɗauke da 120 ba lallai suna nufin allon 120Hz ne ba. Sau da yawa allon 60Hz ne da aka yi wa dabarar sassauta motsi. Ainihin lambar tana cikin takardar bayanin na'urar.

Ita wannan dabara ta sassauta motsi tana ɓata fim. Fina-finai galibi ana ɗaukarsu ne da hoto 24 a daƙiƙa, kuma idan talabijin ya cusa nasa hotunan a tsakani, sai fim ya koma kamar bidiyon biki. Zaɓen saitin Movie, Cinema ko Filmmaker Mode yakan rage wannan ko ya kashe shi gaba ɗaya.

Wuta ce ke da maganar ƙarshe

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara wa masu rukunin Band A kuɗin wuta zuwa N225 kan kowane yunit, daga baya ya ɗan sauko zuwa kusan N209. Man fetur, wanda ke ƙasa da N200 kafin cire tallafi a watan Mayun 2023, ya haura N1,000 a ƙarshen 2024. A Oktoban wannan shekarar kuma jihohin Arewa da dama sun shafe sama da mako guda babu wuta saboda lalacewar manyan layukan lantarki. Wannan ya sa gidaje da shaguna da yawa suka koma sola da inbata, inda kowane wat ke da lissafi.

Talabijin mai cin wat 100 da ke aiki awa shida a rana zai sha yunit 18 a wata, kusan N3,760 a farashin Band A. Wanda ke cin wat 300 zai sha yunit 54, kusan N11,300. Idan aka haɗa da PlayStation 5, wanda ke cin kusan wat 200 a lokacin wasa, mai gidan gem da ke da allo biyar ko goma zai ga bambancin a kuɗin mai ko a girman batirin da zai saya.

A nan ne na hannu, waɗanda ake kira tokumbo, ke iya zama araha mai tsada. Ko da yake a bakin mutane duk talabijin na bango filasma ne, ainihin filasma manyan kamfanoni sun daina ƙera shi tun 2014, kuma yana cin wuta ninki biyu ko uku na LED mai girmansa. Adadin wat ɗin yana rubuce a takardar da ke manne a bayan kowace na'ura.

Wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta kuma tana ƙona kayan cikin talabijin, kuma garanti sau da yawa ba ya ɗaukar irin wannan lalacewa. Kuɗin na'urar kariya daga hauhawar wuta ko sitabilaiza ya kamata ya shiga cikin lissafi tun farko.

Kafin a miƙa kuɗi

Akwai gwaje-gwajen da ba sa buƙatar gwani. Ana auna girman allo ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ban da firam: inci 32 ya kai kusan santimita 81, inci 43 kusan 109, inci 55 kusan 140. Tef ɗin tela ya isa ya tona asirin wanda aka ƙara wa inci a kwali.

Lambar na'ura da ke jikin kwali, da wadda ke bayanta, da wadda ke cikin saitinta, ya kamata su zo ɗaya. Idan sun saɓa, akwai yiwuwar an liƙa sunan babban kamfani ne a kan allon da ba nasa ba. Hoton fari zalla, baƙi zalla da ja zalla daga filashi zai nuna ɗigon da ya mutu ko wurin da haske ke yoyo.

Kalmar Smart ba ta cancanci ƙarin kuɗi mai yawa ba, domin manhajojin ciki sukan tsufa kafin allon, kuma ƙaramar na'urar da ake soka wa a kafar HDMI tana iya maye gurbinsu.

Daga ƙarshe sai rasit mai ɗauke da lambar na'urar da takardar garanti. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da ke da aibu, amma da wuya ƙorafi ya yi nisa idan babu shaidar ciniki.

Mai PlayStation 4 da ke kallon tashoshin dikoda, Full HD mai Game Mode da ƙarancin cin wuta ya ishe shi. Mai PlayStation 5 da ke zama kusa da allo, shi ya kamata ya nemi 4K da HDMI 2.1. Mai son fim a falo kuwa, ya fara auna tazarar kujerarsa da bango kafin ya nufi kasuwa.