Manhajar da ke sayen shinkafa ba abin raini ba ce

Duk taron matasa masu harkar kwamfuta da za ka shiga a Kano ko Kaduna, sai an ambaci Paystack. Shola Akinlade da Ezra Olubi ne suka kafa shi a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Labari ne mai daɗi, sai dai ya bar wa yaranmu wata cuta: duk wanda ya iya rubuta manhaja gani yake in ba za ta mayar da shi attajiri ba, ɓata lokaci ne ya fara.

Ni dai ban yarda ba. Malamin lissafi ne ni a wata sakandare, da daddare nake taɓa rubutun manhaja. Abin da na haɗa bai taka kara ya karya ba. Malami zai shigar da makin gwaji da na jarrabawa a wayarsa, ita kuma ta tara, ta jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ta fitar da katin sakamako ɗauke da tambarin makaranta. Wasu ƙananan makarantun kuɗi da islamiyoyin unguwarmu ke biyana duk zangon karatu. Kuɗin ko kusa da albashina bai kai ba. Amma shi ke kawo buhun shinkafa gidana, kuma ban ci bashin ragon layya ba tun da na fara.

Inda nake ganin matasa na yin tuntuɓe shi ne dogaro da talla. Sai yaro ya saki manhaja kyauta, ya cika ta da tallan AdMob na Google, ya zauna jiran dala. Google ba ya turo ko sisi sai kuɗinka ya kai dala 100, kuma abin da masu talla ke biya a kan mai kallo daga Najeriya ɗan kaɗan ne. Kafin nan ma ka biya dala 25 na rajistar Google Play, ko dala 99 duk shekara in Apple kake so. Makaranta goma da suka san fuskarka sun fi baƙi dubu goma da suka sauke abinka suka goge washegari. Tawa manhajar ba ta cikin kowane shagon manhajoji. Adireshinta kawai ake buɗewa a intanet, kuɗi kuma ta asusun banki ake turo mini.

Ba na cewa babu wahala. Hayar kwamfutar da ke riƙe bayanan da dala ake biya, ni kuwa naira nake karɓa. Da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yunin 2023, dalar da ke kusan naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a 2024. Dole na ƙara farashi, kuma faɗa wa mai makarantar da ya girme ka haka ya fi rubuta manhajar wuya. Wani mai makarantar dattijo ne, abokin mahaifinka. Ka kai masa takardar kuɗi, ya riƙe hannunka ya ce, “Ɗana, Allah ya yi maka albarka,” ya sallame ka. Albarka muna so, amma masu hayar kwamfuta ba sa karɓarta. Shi ya sa nake yanke farashi tun ranar farko, a rubuce, kafin a saba da kyauta.

Ga kuma makon rufe makaranta, lokacin da waya ba ta hutawa: “Malam, abin ya ƙi buɗewa.” Sau da yawa data ce ta ƙare wa mai kiran.

Abu guda da ban yarda a yi wasa da shi ba shi ne bayanan yara. Sunayensu, makinsu da lambobin iyayensu amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Ƙanƙantar cinikinka ba za ta zame maka hujja ba ranar da sakamakon ɗiyar wani ya yi yawo a WhatsApp.