Kafin a sayi mutum-mutumi, a kafa ƙungiya

Duk wanda ya ratsa Wadata da hantsi ya san unguwar ba ta rasa masu hannu ba. A gefen tashar mota makanikai na kwance inji su mayar da shi, masu walda na haɗa ƙofa da amalanke, samari na sunkuye a kan salular da mai ita ya riga ya fid da rai. Ɗaliban lise na wucewa ta gabansu safe da yamma, su shiga aji su haddace dokokin lantarki a allo, da yawansu ba su taɓa haɗa waya biyu fitila ta kama ba. Tsakanin bakin tasha da ƙofar aji tafiyar ƴan mintoci ce, amma tamkar ƙasashe biyu ne. Akwai gadar da wasu ƙasashe suka gina a kan irin wannan rami, wato ƙungiyar ɗalibai masu gasar ƙera mutum-mutumi.

A 1989 wani maƙerin na'urori na Amurka, Dean Kamen, ya kafa ƙungiyar FIRST, aka yi gasar farko a 1992 a jihar New Hampshire da ƙungiyoyi 28. A kowane watan Janairu ake bayyana aikin shekarar, kuma an daɗe ana bai wa yara mako shida kacal su ƙera na'urarsu. A 2017 aka buɗe gasar duniya ta FIRST Global a Washinton: kowace ƙasa ƙungiya ɗaya, ƴan shekara 14 zuwa 18, kowa da akwatin kayan aiki iri ɗaya. A Dakar ma, malamin jami'a Sidy Ndao ya assasa gasar PARC domin yaran Afirka. Na'urar ba ta kama da mutum. Ɗan keke ne mai tayoyi da hannu, wanda zai ɗauki kaya ya ajiye inda aka ce cikin minti biyu da rabi.

Mai kallon hoto na'urar kawai yake gani, alhali sirrin yana cikin rabon aiki. Wasu ɗalibai ke zana fasali, wasu ke yanka da ɗaure ƙarfe, wasu ke da batir da wayoyi, wasu ke rubuta umarnin kwamfuta. Akwai masu neman tallafi da riƙon asusu, akwai masu lura da abokan karawa, akwai ƴan kaɗan da za su tuƙa na'urar ranar gasa. Kowane sashe da shugabansa, a samansu akwai kyaftin, shi ma ɗalibi. Malami da injiniya ko makanike masu ba da shawara ne, ba su karɓe sukurdireba daga hannun yaro. Ana kuma ajiye littafi, a rubuta abin da aka gwada, da abin da ya lalace, da dalilin lalacewarsa, domin ƴan aji na ƙasa su gaji ilmin idan manya sun ci bak sun tafi. A filin gasa ƙungiyoyi uku ke haɗa kai su kara da wasu uku, abokin gabar safe ya zama abokin ƙawancen yamma. Waɗanda suka ga yadda ƙawancen AFC ya hau mulki a 1993 ya tsage a 1994 sun san wannan darasi ba na yara kaɗai ba ne.

Sanin kowa ne yadda irin wannan abu yake mutuwa a ƙasar nan. Wata ƙungiyar agaji ta kawo akwatuna, a kafa rumfa, a yi jawabi, a ɗauki hoto, sa'an nan a kulle kayan a ofishin darakta har ƙura ta cinye su. In kuma tafiya waje ta taso, sai a ga sunan ɗan wane da ƴar wance, waɗanda ba su taɓa kwana a kan injin da ya ƙi tashi ba. Maganin wannan ƙa'idoji huɗu ne. A shiga ƙungiya ta hanyar aiki, mace da namiji, ɗan mai kanti da ɗan mai tura baro. Ɗalibai su zaɓi shugabanninsu kowace shekara. A liƙa lissafin kuɗi a bango, dala da dala, inda uwaye da masu tallafi za su gani. Kayan aiki kuwa mallakar ƙungiya ne, ba na malamin da za a iya sauya wa wurin aiki gobe ba.

Wani zai ce ƙasar da kimanin yara 20 suka ƙone a ajin zana a unguwar Pays-Bas cikin watan Afrilu na 2021 ba ta da bakin zancen mutum-mutumi. Maganar na da nauyi, kuma gina azuzuwa na siminti nauyi ne da ba wanda zai sauke wa gwamnati. Sai dai ƙungiyar da ake magana ba baitulmali take jira ba. Ana iya somawa da ɗaki guda mai makulli, da ƙaramin allon Arduino, da injinan tsofaffin na'urorin buga takardu, da guntayen ƙarfe daga kasuwar Katako. Abin da ya fi tsada shi ne babban mutum da zai zo kowace Asabar ba fashi.

A nan ne maganar ta dawo kan ɗan kasuwa da ma'aikaci. Alhajin da ke kashe makudan jikkuna a biki ɗaya zai iya ɗaukar nauyin batir da wayoyi na shekara, da sharaɗin a nuna masa lissafi kamar yadda yake neman sa daga yaron kantinsa. Injiniyan da ya fito daga EMIG, da akawun da ya iya tsara kasafi, da makaniken bakin tasha, kowa na da awa biyu a mako da zai iya bayarwa. Yaron da ya saba da bayar da bahasin dala goma a gaban abokansa yana da wuya ya ɗauki dukiyar jama'a ganima idan ya girma.

Nijar ba baƙuwar ƙira ba ce. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana bincike kan ƙarfin rana a hukumar ONERSOL. Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar kunna famfon ban ruwa da salula daga nesa, har ya samu babbar kyautar ruwa ta Sarki Hasan na Biyu a 2015. Irinsu na nan a azuzuwan Wadata suna jiran wanda zai buɗe musu ɗaki, ya miƙa musu littafi da makulli. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa masu hali su ji, kuma su zo ranar Asabar.