Wa muke yi wa dariya? Darasi daga tsibirin Wawanakwa



Batunmu na yau rubutun shaguɓe ne, wato mu ɗauki abin da jama'a suka sani mu kwaikwaye shi cikin raha har aibinsa ya fito fili. Da yawanmu in muka tashi irin wannan rubutu, baƙauye muke nemowa, ko mai ƙiba, ko 'yar aiki, mu jibga musu wauta mu ce mun ba da dariya. A ganinmu shaguɓe yana da daraja ne idan ya nufi mai riƙe da akala. Hujjarmu kuwa wani katun ne na ƙasar Kanada mai suna Total Drama Island.

Jennifer Pertsch da Tom McGillis ne suka ƙirƙiro shi, aka fara nuna shi a tashar Teletoon a 2007, ya shiga Cartoon Network ta Amurka a 2008. Abin da yake kwaikwaya shi ne gasannin talabijin irin su Survivor, inda ake tara mutane a keɓe su, kyamara na binsu dare da rana, ana korar ɗaya bayan ɗaya da ƙuri'a. Duk wanda ya taɓa leƙa Big Brother Naija ya san tsarin. A katun ɗin, matasa 22 'yan shekara 16 aka yi wa alkawarin masauki na alfarma, suka tarar da wani ruɓaɓɓen sansani mai suna Wawanakwa a yankin Muskoka na lardin Ontario. Kyautar dala dubu 100 ce. Wanda ya tsira daga kora ana ba shi farar alawa a bakin wuta, wanda aka kora ya bi gadar katako zuwa jirgin waɗanda suka faɗi. Ɗakin da suke shiga su amayar da cikinsu ga kyamara kuwa masai ne, ƙuda na ta shawagi.

Da farkon kallo sai mu zaci yaran ake yi wa dariya, don kowa da tambarinsa: Owen mai ƙiba da son ci, Heather makira, Lindsay kyakkyawa mai ƙarancin lissafi, Duncan ɗan tasha, Gwen mai ƙin shiga mutane. Amma mu lura da wanda labarin yake tona wa asiri. Mai gabatarwa Chris McLean ne. A kashi na farko, da Gwen ta ga wurin ta ce ba da ita ba, sai ya zaro takardar yarjejeniyar da ta sa wa hannu. Ta yayyaga, ya zaro wata. Gwajin farko kuwa shi ne su diro daga kan dutse mai tsayin ƙafa 1,000 zuwa tafkin da ke da kifaye masu cin mutane, shi kuma yana murmushi yana gyaran gashi, don ya san hakan ne ke kawo 'yan kallo.

Dubi yadda aka mayar da ƙuri'a abin wasa. Harold ya musanya takardun zaɓe aka kori Courtney, duk da kyamara ta ɗauka, ba a dawo da ita gasar a wannan zangon ba. Leshawna kuwa, waɗanda aka riga aka kora ne suke ambaton sunanta cikin hira, Chris yana ƙirga kowane ambato a matsayin ƙuri'ar kora, har da na aku mai maimaita magana. Hatta ƙarshen gasar iri biyu aka shirya: a Kanada da Amurka Owen ne ya ci, a wasu ƙasashe Gwen. Da wannan kaɗai marubutan sun faɗa mana cewa abin da ake kira “zahiri” a irin waɗannan gasanni, mai kyamara da almakashin tacewa ne ke ƙera shi, ba tare da sun tsaya wa'azi ba.

Su kuma yaran, tambarin da aka manna musu matashiya ce kawai. Lindsay da kowa ya ɗauka ba ta gane komai, ranar da Heather ta ci amanarta a tseren keke ta tsaya ta wanke ta tas a gaban kowa. Gwen mai ɗaure fuska, da aka karanta kundin sirrinta a bainar jama'a sai muka ga yarinya ce mai kunya da tsoron a raina ta. Muna dariya, amma muna tare da su.

Wani zai ce: ai katun ɗin ya koma abin da yake zagi, tunda masoyansa har yau suna musu kan wa ya cancanci ci, tamkar gasar gaske. Akwai gaskiya a nan. Sai dai shaguɓen da bai iya ainihin abin da yake kwaikwaya ba, ba ya kama mai karatu. Dole gasar ta ja mu, sannan mu farga cewa da mu aka haɗa baki wajen jin daɗin wahalar yara. Inda muke ganin shirin ya zame shi ne kan Ezekiel, ɗan ƙauyen da aka fara kora saboda maganar raini da ya yi wa mata. A zango na uku, na 2010, an mayar da shi kamar dabba, ba ya ko iya magana, kuma aka ci gaba da maimaita wannan a matsayin abin dariya. A nan marubutan sun bar gefen yaran sun zauna a kujerar Chris. In har ƙwararru za su zame haka, mu masu koyo sai mu ƙara taka tsantsan.

Mu dawo kan alƙalumanmu. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don a wasan tashe ma yara ne ke kwaikwayon halayen manya, kowa ya yi dariya ya kuma ɗauki hannunka mai sanda. Idan ɗayanmu zai rubuta labari a kan rigimar 'yan TikTok, abu mafi sauƙi shi ne ya zana yarinya marar kamun kai ya zazzage ta. Aikin da ya fi wuya, ya kuma fi amfani, shi ne ya tambaya: wa ke zuga faɗan, wa ke samun kuɗi idan mabiya suka ƙaru, wa ke zaune lafiya bayan an gama zubar mata da mutunci? In gasar waƙa ko ta kyau za mu yi wa shaguɓe, mu nemo mai sayar da fom da mai sayar da ƙuri'a, mu san dokokin gasar ciki da bai, sannan mu ja su zuwa inda wautarsu za ta bayyana da kanta.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta shafi ɗaya na wata ƙirƙirarriyar gasa, da mai gabatarwa ɗaya da 'yan takara uku. Kafin a turo, a sake karantawa a ja layi ƙarƙashin duk inda ake son a yi dariya, a rubuta sunan wanda dariyar ta faɗa wa. In duk layukan sun taru a kan mafi rauni a cikin labarin, a sake zama.

Allah ya ƙara mana basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka.